Nonon Hagu

Na san abin da yayata Talatu ta gaya muku, Allah ya jiƙanta, domin ko a gabana ta sha faɗa. Wai daɗin Landan ne ya riƙe ni, Inna tana kwance tana kiran sunana na ƙi zuwa, na zauna ina goyon ɗan Larabawa. Ban taɓa tanka mata ba. Ita ta yi jinyar Inna ita kaɗai, ita ta yi wanki da ɗauki, wanda ya sha wannan ɗawainiya kuwa ba a yi masa musu. Amma yanzu ido ya fara gajiya, hannun da ya koyi riƙe fensir da girma a ajin yaƙi da jahilci na Ringim ya fara rawa. Gara in faɗi nawa tun da sauran numfashi, ku haɗa da nata, ku auna da kanku.

Gwamnatin jiha ce ta tura babanku Landan ƙaro ilimi a kan aikin hanya, ya tafi da ni ina da ƙaramin ciki. Mun sha yawo kafin mu sami wurin zama. Za a ce akwai ɗaki, in mun je aka ga fatarmu sai a ce yanzun nan wani ya kama. Daga ƙarshe wata tsohuwa a Lewisham ta buɗe ƙofa, ta dubi cikina, ba ta dubi fuskata ba, ta ce mu shigo. Sunanta Misis Roza, Bayahudiya ce, tana budurwa ta gudo daga Jamus, danginta da ta baro can babu wanda ya saura sai ƙanwa ɗaya da ta koma Isra'ila. Gidan hawa uku ne. Ita tana ƙasa, mu muna tsakiya, a sama kuma akwai wasu Falasɗinawa, Adnan ɗalibi da matarsa Salma. Ita ma Salma ciki gare ta, ya bi bayan nawa kaɗan. A tanti aka haife ta, a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Dimashƙa. Garin ubanta kuwa labarinsa kawai take ji, ba ta taɓa taka shi ba. Turancina bai fi na sayen albasa ba, nata ya ɗan fi nawa, sauran sai mu cike da hannu da Larabcin salla. In na saka daddawa a miya sai ta sauko tana toshe hanci tana cewa “haram, haram,” sannan ta ja kujera ta cinye rabin tuwon.

Ana saura kaɗan a kama azumi na haifi yayarku. Kun san ba na faɗin sunanta, 'yar fari ce, kuma sunan Inna aka sa mata, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. A gida da sai in tafi wanka wajen Inna. A Landan kuwa ni na dafa wa kaina ruwa a babbar tukunya, safe da yamma, ina cusa kuɗi a mitar gas har tururi ya jiƙe takardar bango. Misis Roza ta hauro ta tsaya a bakin banɗaki tana fifita da hannu.

“Ke dafa kanki za ki yi a gidana? In kin nuna wa zai ci?”

Salma ce take riƙe mini jaririya, ta ɗora ta a kan tulun cikinta har in gama. Wani ɗalibi ya zo mini da kanwa da gero daga wajen Inna, na yi ta shan kunu, nono ya kawo har yana jiƙa mini riga.

A cikin azumin nan yaƙi ya tashi. Masar da Siriya a gefe ɗaya, Isra'ila a gefe ɗaya, Falasɗinawa kuwa a kan ƙasarsu ake yi, amma in an jera sunayen masu faɗa nasu ne na ƙarshe. Gidanmu ya koma rediyo uku. A ƙasa Turanci, a sama Larabci, a tsakiya namu na Hausa, kowanne da irin gawarwakin da yake ƙirgawa. Misis Roza ta fito da hoton ɗan ƙanwarta cikin kakin soja ta ajiye a kan teburin da wayar gidan take, inda kowa zai wuce ya gani. Wata rana Salma na saukowa ta ji tana ce wa mai kawo madara, “Larabawa suka fara, a ranar azuminmu na Yahudawa.” Daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Ranar Lahadi abokan babanku sukan cika mana falo su yi buɗe-baki, ni ina kicin ina jin su. Yau Amurka ta yi wa Isra'ila jigilar makamai, gobe Rasha ta yi wa Larabawa, jibi manyan ƙasashe sun zauna sun ce a tsagaita wuta. Da aka ce ƙasarmu ta yanke hulɗa da Isra'ila sai da suka yi kabbara har yayarku ta farka. Babanku ya fi kowa murya.

“Jini ɗaya muke da mutanen nan,” in ji shi. “Duk Musulmin da ya ga ɗan'uwansa a wannan hali ya juya baya, ya shirya amsar da zai bayar.”

Sai Larabawa suka ƙulle famfon mai. Layin motoci ya miƙe a gidajen mai, sanyi ya shigo, masu haƙar kwal su ma suka ja daga, aka dinga ɗauke wuta unguwa unguwa, kyandir ya yi wuyar samu a kanti. Turawa suna tsaki, mu kuwa labarin da ke zuwa daga gida na daɗi ne. Man da Larabawa suka hana, namu ake rububi. Wani abokin babanku, mai barkwanci, ya ce faɗan da aka yi a hamadar wasu ya zama ruwan sama a gonarmu. Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi a kicin, ba zan ɓoye ba, domin ina tunanin Inna za ta sami rufin kwano.

Salma ta haihu ana tsakiyar wannan, namiji, aka sa masa Nabil. Jirage sun yi ruwan wuta kusa da inda danginsu suke, babu waya, babu mai zuwa da labari. Da wuta ta lafa Adnan ya kasa haƙuri, ya ce zai je ya dubo mahaifiyarsa da ƙanin Salma, ya dawo kafin a koma karatu. Bai dawo ba. Takardar tafiyarsa ta ɗan gudun hijira ce, ba fasfo ba, da ya nemi izinin komowa aka ce ya jira, kuma jiran ba shi da rana. Mahaifiyarsa ya same ta da rai. Ƙanin Salma kuwa babu wanda ya san inda ya faɗi. Tun da wannan labari ya iso, nononta ya ɗauke kamar rijiya a rani. Aka gwada madarar gwangwani kala kala, duk wadda yaron ya sha sai ya amayar, cikinsa ya ɗure, fatarsa ta yi ƙuraje.

Wata hantsi na lura tun safe ban ji takun Salma a saman kaina ba. Na goya yayarku na hau. Na same ta zaune a ƙasa, fuskarta na kallon bango, ko da na yi sallama ba ta juyo ba. Nabil yana kan gado, baki a buɗe, yana kuka amma babu sauti, maɗigarsa ta faɗa. Na taɓa ganin yaro a haka a Ringim, kuma na san inda aka kai shi washegari. Ban yi shawara da kowa ba. Na zauna a bakin gadon, na ɗage riga, na ba shi na hagu. Ya kama da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, har sai da na cije leɓe. Can Salma ta juyo, ta daɗe tana kallonmu, sannan ta rarrafo ta ɗora goshinta a gwiwata.

Da babanku ya dawo na gaya masa kaina a sunkuye, domin hakkinsa ne a tambaye shi kafin a yi. Ya cire hularsa ya sosa kai.

“Rabi, kin san abin da kika yi kuwa? Kin haifa mini ɗa babu ko ragon suna.”

“Ka yi haƙuri, Malam.”

“Haƙurin me? Je ki ƙara masa, in za a yi ɗan'uwa a yi shi sosai.”

Daga ranar na dama na yayarku ne, na hagu na Nabil. Shi ya murmure, uwarsa kuwa ta ci gaba da nutsewa. Ta daina ci, ta daina magana, daga baya ta fara fita titi ba takalmi a cikin sanyin nan tana neman ƙaninta a fuskokin mutane. Aka kwantar da ita a asibitin masu ciwon tunani. Ranar da na fara kai mata ziyara da yaron a bayana, ta riƙe mini wuyan hannu har farcenta ya yi mini shaida.

“Ukhti,” ta ce, wato 'yar'uwata, “an karɓe gidan babana. An karɓe ƙanina. Mijina yana bayan ƙofa. Wannan kada ki bari a karɓe.”

Na ce in sha Allahu. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Sanyi na gab da wucewa abubuwa biyu suka faɗo mana a mako ɗaya. Ma'aikatar su babanku ta kira shi ya koma tun kafin ya kammala, domin kuɗi ya zo, hanyoyi ake ta yankawa ko'ina, ana neman duk wanda ya san aikin, ga ƙarin girma ga gida ga mota. Sannan wani ɗan garinmu da ya sauka daga jirgi ya zo har gida ya ce Inna ba ta da lafiya, ƙafafunta sun kumbura, kuma ta ce a gaya mini in kawo mata takwararta ta gani. Na tambayi matar council, wato hukumar unguwa, da ke kula da maganar Nabil ko zan iya tafiya da shi. Ta ce a'a, uwa ba ta cikin hayyacinta, uba ba ya ƙasar, babu mai sa hannu. In na tafi za a kai shi gidan renon yara, daga nan a nema masa iyalin da za su riƙe shi. Na ce in uwarsa ta warke fa? Ta ce sai a duba a gani, domin zaman Salma a ƙasar a kan takardar mijinta yake, ita ma ana iya cewa ta fita. Ko da Turancina bai kai ba, na gane. Za a iya sa uwa a jirgi a bar ɗa.

Na bari sai da babanku ya ci abinci ya sha shayi.

“Malam, ina neman alfarma. Ka yi gaba, ni in biyo ka.”

“Ki biyo ni yaushe?”

“In uwarsa ta tashi.”

“In ba ta tashi ba fa? Rabi, Inna ce fa ta aiko. Mun yi iya yinmu. Ƙasar nan da hukuma, ba za su bar shi ya mutu ba, ya ma fara shan koko.”

“Ba za su bar shi ya mutu ba. Amma za su ba da shi.”

“To mu ne za mu gyara abin da duniya duka ta taru ta kasa?”

Ban iya gardama ba, kun sani. Na ce masa a hankali, “Ni ban san na duniya ba. Na dai ji ka a falon nan kana cewa wanda ya juya baya ya shirya amsa. Ni ba ni da ilimin shirya amsa, Malam.”

Ya tashi ya fita ba tare da ya ɗauki kwat ba. Da ya dawo hancinsa na zuba don sanyi, ya zauna ya ɗauki Nabil ya ɗora a cinya, abin da bai saba yi ba.

“Ni na faɗa da baki, ke kin ɗauka da ƙirji,” ya ce. “Amma ki sani, in wani abu ya sami Inna, ba ni za a zaga ba.”

“Na sani.”

Ya kai ni ofishin shige da fice na Croydon muka yini a layi aka ƙara mini wa'adin zama, ya bar mini abin da zan ci, ya tafi. Misis Roza ta mayar da ni ƙaramin ɗakin da ke kusa da nata a ƙasa.

Sai ga abin da ya kusa mayar da zamana na banza. Da council suka ji maigida ya tafi, suka turo matar nan ta duba ko na isa riƙon yara biyu ni kaɗai. Ta zauna a kujera tana kallo. Ni kuwa na yi abin da aka tarbiyyantar da ni a kai. A gaban baƙuwa ban dubi 'yar fari ba, ban yi mata wasa ba. Da ta yi kuka na ba ta nono ina kallon taga. Nabil kuwa ɗan amana ne, na yi ta cilla shi sama ina yi masa tawai, don baƙuwa ta ga ba a wulaƙanta shi. Matar ta nuna yayarku ta ce yaya sunanta. Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Ta sake tambaya. Na ce, “Baby.” Na ga ta canza fuska. Ta fita zaure ta sami Misis Roza, ƙofa a buɗe ina jin su, ina tsintar abin da zan iya. Tana cewa matar da ba ta kallon 'yar cikinta, ba ta ma iya faɗin sunanta, wataƙila ita ma ciwon da ya kama ta saman ne yake kama ta, gara a ɗauke yaron tun da wuri, a sa ido a kan yarinyar. Abin da Inna za ta gani ta ce na yi hankali, shi ne zai raba ni da su biyun.

Sai na ji muryar Misis Roza ta tashi, irin yadda take yi wa mai kawo kwal.

“Bangon nan kamar takarda yake. In babu kowa, waƙa take yi wa yarinyar nan har in rasa jin rediyona. Tana sumbatar tafin ƙafarta, na gani ta ƙofa. In mutum ya shigo sai ta ajiye ta kamar buhu. Ban san dalili ba, al'adarsu ce. Uwata ma ba ta taɓa yabona a gaban mutane ba, tsoron baki take yi. Ni na san yadda ake ɗauke yara a ce don amfaninsu ne. Ba a gidana ba.”

Matar ta dawo ta tambaye ni ko gaskiya ne. Kunya ta kusa kashe ni, asirina ne aka tona. Na ɗauki yayarku a gaban baƙuwa, na rungume ta, na faɗi sunanta da bakina. Sau ɗaya ke nan a rayuwata, kuma sunan Inna ne. Aka bar mini Nabil. Da na je yi wa Misis Roza godiya ta kaɗa hannu.

“Ba don uwarsa na yi ba. Uwarsa ba ta gaishe ni.”

Amma ita ce take riƙe su biyun in zan shiga wanka, ta zaunar da Nabil a kan teburin waya, yana ta kai wa hoton sojan nan hannu, tana janyewa.

A wayar nan babanku ya kira ni, wata Laraba bayan azahar, lokacin damina ta sauka a gida. Ya ce, “Rabi, sai haƙuri.” Ban tambaye shi na me ba. Na ce yaushe, ya ce tun jiya aka kai ta. Na ce ta yi maganata? Babanku ba ya ƙarya, ya ce ta yi, har kusan ƙarshe tana tambaya ko jirgi ya sauka. Don haka abin da Talatu ta gaya muku gaskiya ne. Inna ta kira, ban je ba, ba ta ga takwararta ba. Babu wanda ya zo ya ce mini ta yafe, kuma ba zan ƙirƙira muku ba. Na ajiye wayar, lokacin shan nonon Nabil ya yi, na zauna a matakala na ba shi, hawayena na sauka a gashinsa yana ɗagowa yana dubana.

Salma ta fito daga asibiti bayan wani azumin, ta rame amma idonta ya dawo nata. Adnan ya haƙura da karatu, ya sami aikin koyarwa a Kuwait, yana shirya musu tafiya. Sai dai yaron bai san ta ba. In ta miƙo hannu sai ya ƙanƙame zanena yana ihu, ita kuma ta koma gefe tana murmushin da ya fi kuka ciwo. Na ga in na bar abin haka, na tsare mata ɗa daga hannun council ne kawai na karɓe shi da nawa. A gida in za a yaye yaro maɗaci ake shafawa. Na hau bas zuwa kasuwar Deptford, na sami shuwaka a shagon wata Bayarabiya, na jiƙa na matse ruwan. Yayarku kuwa sai na dinga shiga banɗaki da ita in wanke in ba ta a ɓoye, don kada ya gani.

Na sa Salma ta zauna kusa da ni da kwanon koko a hannunta. Nabil ya tako da tafiyarsa ta tatata, ya ɗage mini riga da kansa kamar yadda ya saba, ya kama na hagu. Ya saki. Ya tofar, ya dube ni, ya sake gwadawa ko kuskure ne. Sannan ya ɗaga hannu ya mare ni a ƙirji, ya fashe da kuka yana miƙo mini hannuwa in ɗauke shi, domin bai san wurin kai ƙara ba sai wajena. Na zauna a kan hannuwana. Na ɗaure fuska na kalli bango. Ya ja zanena, ya buga kansa a gwiwata, ban motsa ba. Salma tana kiransa a hankali da Larabci. Ya daɗe yana yi, har muryarsa ta dushe, kafin ya juya ya faɗa jikinta don babu wani jikin. Haka muka yi ta yi kullum har ya daina zuwa.

Ranar da zan taho gida, motar haya na jira a ƙofa, Misis Roza ta ba ni hannu ta koma ciki da sauri. Salma ta rako ni bakin titi da shi a kafaɗa, tana kuka tana yi mini addu'o'in da ban gane rabinsu ba. Ta ce masa, “Ga Mama Rabi za ta tafi, yi mata bye bye.” Ya dube ni kamar yadda yaro ke duban matar da ta taɓa cutarsa, ya juya ya cusa fuskarsa a wuyan uwarsa, ya riƙe ta da hannu biyu. Na ce alhamdu lillahi, na gyara goyon yayarku, na shiga mota.